Shekarar da hancina ya hana ni zuwa gida Kirsimeti

Shekarun baya, a shekarar nan da korona ta hana duniya sakat, ina koyarwa a wata makarantar sakandare a nan Bauchi. Ina haya a unguwar Wunti, ɗaki ɗaya da ɗan baranda, a gidan wata dattijuwa da kowa ke kira Hajiya. 'Yar Ƙofar Wambai ce ta asali, mai faɗa da kyauta a lokaci guda. Ni kuwa mutuniyar kudancin jiha ce, daga wani ƙauye a cikin duwatsu, kuma duk wanda ya san mu ya san ƙarshen Disamba ba ya samun mu a birni. Ko da rarrafe ne sai mun je gida.

A waccan shekarar ɗokin ya fi na kullum, domin da Ista ban je ba, an kulle hanyoyi. Rabona da Baba tun Kirsimetin da ta wuce. Ga shi ya tsufa, ga asma da ta daɗe tana wahalar da shi, in sanyi ya shigo daga bakin ƙofa za ka ji ƙirjinsa yana fito. Tun rasuwar mahaifiyarmu ya kafa wata doka a gidan: ranar Kirsimeti, in an dawo daga sujada a coci, duk 'ya'yansa a tire ɗaya za su ci shinkafa tare da shi. Babu cokali, babu kwanon kowa daban. Shi yake yagar naman da hannunsa ya miƙa wa kowa, har yayana da furfura ta fara fito masa. Kunu kuma a ƙwarya ɗaya, ya kurɓa ya miƙa, ta zaga ta dawo gare shi.

Game da korona kuwa, kada ku so ku ji bakina a lokacin. A ɗakin malamai ni ce shugabar masu cewa cutar manya ce, ta masu hawa jirgin sama, ina ruwanta da mai hawa keke daga Wunti. Takunkumina a jaka yake kwana, sai na hango shugaban makaranta nake laluba shi. Ashe in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

Da aka ba mu hutu na shiga shiri. Na karɓo rigar da na ɗinka wa Baba, na sayi atamfar matar yayana, na sayi takalman yara. Jikina ya ɗan yi zafi a makon, na sha magani ya sauka, ban ma ɗauke shi a bakin komai ba. Saura cincin, wanda in na je babu shi yaran gidan ba za su ce na zo ba. Da rana na kunna risho a baranda, na zuba kaskon farko, na shiga ɗaki in ninke rigar Baba kafin ya yi ja. Labule ne kawai tsakanina da kaskon. Ina ninkewa ina waƙa.

“Malama! Ke Malama! Gidan za ki ƙona mana?”

Hajiya ce, ta taho daga can ƙarshen gida da buta a hannu. Na yaye labule na ga hayaƙi ya turnuƙe barandar, cincin ya koma gawayi. Na kashe rishon, idona na ruwa, maƙogwarona na ƙaiƙayi.

Ta ce, “Tun daga banɗaki na jiyo ƙaurin nan. Ke kina bakin ƙofa ba ki ji ba? Barci kike yi?”

Ina tsaye a tsakiyar hayaƙin, na ja numfashi da ƙarfi, ban ji komai ba. Kuma hancina ba a toshe yake ba, iska na shiga tana fita tas. Ƙaurin ne kawai babu.

Na koma ɗaki kamar wadda aka kora. Na buɗe kwalbar turarena, shiru. Na ɗauko daddawa na kai hanci, shiru. Na shaƙi man zafi, na shaƙi galan ɗin kananzir. Har takalmin da nake zuwa makaranta da shi na ɗauka na shinshina, Allah ya yafe mini. Duk ɗaya, kamar ina shaƙar ruwa. A lokacin kuwa ko yaro ya san abin da ake cewa game da wanda ya daina jin wari, rediyo ba ta da wani zance sai shi.

Na fito na gaya wa Hajiya. Ta ce, “Mura ce, kowa na yi a sanyin nan. Ki dafa citta da kanumfari da masoro, ki matsa lemon tsami ki sha da zafinsa.” Tana faɗa tana ja da baya, ta ja bakin mayafinta ta rufe hanci. Da ta kai ƙofar ɗakinta ta ƙara da cewa, “Mura ce, in Allah ya yarda.”

Za ku ce me ya hana ni zuwa gwaji. Tsoro ne, ba wani abu ba. Ana ta yaɗa cewa mota za ta zo da mutane cikin fararen kaya, a yi wa gida feshi, a tafi da kai a killace. Na hango gidan Hajiya ya zama abin nuni a layi, yara suna toshe hanci in sun zo wucewa. Na kuma lallashi kaina da cewa ko na je, sakamakon ba zai fito ba sai Kirsimeti ta wuce.

Daga nan zama ya gagare ni. In ɗaure jaka, in kwance. In ce tafiya babu fashi, in na tuna ƙirjin Baba sai in fasa. In ce na fasa, sai in hango shi a bakin ƙofa yana leƙen hanya duk lokacin da ya ji ƙarar mota. In zauna a gado, in tashi in leƙa baranda, in dawo in sake shaƙar daddawa ko ta canza shawara. Na sha ruwan cittar Hajiya har harshena ya mutu. Da na rasa inda zan sa kaina, na kira yayana, wanda shi ne ke zaune da Baba a gida.

“Yaya, akwai matsala. Ba na jin warin komai.”

“To da hanci za ki taka ki zo?”

“Ba wasa nake yi ba. Ka san abin da ake faɗa a rediyo.”

“Ke dai birni ya lalata ki. Mu nan wa ya ga korona? Ki sa abin rufe bakin nan naku ki zo.”

“Da takunkumi zan sha kunu a ƙwaryar Baba? Ko ce masa zan yi a zuba mini nawa daban in koma bayan rumbu?”

Shi ma ya san Baba kamar yadda na san shi. Sai ya sassauta murya ya ce, “Ki ji, ƙanwata. Tun shigowar wata yake tambayar yaushe za ki zo. Ya sa an share miki ɗakin Mama. Tsohon nan ba mu san Kirsimeti nawa ta rage masa ba.”

Wannan maganar ce ta ɗaga ni. Na sake soya wani cincin, wannan karon na tsaya a kansa da ido tunda hanci ya yi yaji. Ana jibi Kirsimeti na tari keke da safe zuwa tashar motocin garinmu, da takunkumi a fuska kamar mutuniyar kirki. A hanya na tsara komai a kaina: zan gaida Baba daga nesa, zan ce ina azumi, zan kwana a ɗakin da babu kowa. Ni kaina na san tatsuniya nake yi wa kaina.

Tasha ta cika maƙil da mutanenmu, kowa da buhunsa da kajinsa. Aka ɗaure kayana a but ɗin mota, aka cusa mu huɗu a baya, ana jiran mutum ɗaya mota ta tashi. Kusa da ni wata tsohuwa ce da zanin zumuntar matan coci, kafaɗarta a kan tawa, gwiwarta a kan tawa. Ba a daɗe ba mutane suka fara guna-guni.

“Direba, jarkar fetur ɗin nan da ka sa a baya tana yoyo!”

“Kai, za ka kashe mu kafin mu ga Kirsimeti?”

Kowa ya toshe hanci, wani ya buɗe ƙofa yana fifita da hula. Tsohuwar ta kama tari, ta dafa cinyata tana neman numfashi. Da ya lafa mata ta dube ni, ta ga ina zaune daram, ta ce, “'Yata, ke hancinki na ƙarfe ne?”

Sai na ji kunya da tsoro sun rufe ni lokaci guda. Matar nan ban san ta ba, amma ita ma wasu suna can suna leƙen hanya saboda ita, ga shi ta kwanto a jikina za mu yi tafiya mai nisa muna musayar numfashi. Ita da ban sani ba ke nan. Ina ga mutumin da zai yagi nama ya sa mini a hannu?

Na ce, “Direba, buɗe mini in sauka.”

“Anti, lafiya? Mantuwa kika yi?”

“Ba zan yi tafiyar ba. Ka wuce da kayan, yayana zai tare ka a bakin kasuwa.”

Na tsaya a gefe ina kallo har motar ta cika ta fita. Sai da na koma Wunti na tuna cewa sabon ɗinkina da duk kayan sawata suna cikin jakar. Kayana sun tafi Kirsimeti, ni suka bari.

Na kira yayana na ce ya ba Baba wayar. Na ce, “Baba, ba zan samu zuwa ba. Ba ni da lafiya, kuma ina tsoron kada in kawo maka abin da ƙirjinka ba zai ɗauka ba.” Ina jin fiton numfashinsa a kunnena.

“Kina cin abinci?”

“Ina ci, Baba.”

“To.”

Ya miƙa wa yayana wayar. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ranar Kirsimeti ko sujada ban je ba. Da hantsi na ji an ajiye kwano a baranda, Hajiya ta koma can tsakar gida ta ɗaga murya. “Malama, barka da Kirsimeti! Kullum ke kike ba mu cincin, bana ki ci namu. Kada ki dawo mini da kwanon, ki riƙe shi tukuna.” Tuwon shinkafa ne da miyar taushe, har da tantaƙwashi. A bakina kuwa kamar ina tauna auduga. Na ci ina kuka, domin na san a daidai wannan lokacin an ajiye tire a gaban Baba.

Sai cikin Janairu hancina ya dawo, kuma abin da ya fara kawo mini shi ne warin kwatar bayan gidanmu. Ban taɓa tunanin zan yi wa Ubangiji godiya a kan kwata ba. Na ƙara jinkirtawa har na tabbata na warware sarai, sannan na je gida a wani ƙarshen mako. Bayan nan ma na yi ta zuwa, fiye da yadda na saba.

Da daminar shekarar Baba ya rasu. Ƙirjin nan nasa ne, ba korona ba. Wato Kirsimetin da na sauka daga mota ita ce ta ƙarshe da ya yi a duniya.

Har yau ban san abin da ya same ni a wancan Disamba ba. Yayana yana nan a kan bakansa cewa mura ce, kuma ba ni da abin da zan ƙaryata shi da shi. In mura ce, na zubar da Kirsimetin mahaifina ta ƙarshe a banza. In ba mura ba ce, wataƙila watannin da ya ƙara a cikinmu saukata daga motar nan ce ta bar mana su. Duk Disamba sai lissafin ya dawo mini, in juya shi ta nan in juya shi ta can, ba ya taɓa zama wuri ɗaya. Abin da na daina shi ne saurin yanke wa mutum hukunci in an ce bai zo biki ba ko bai zo gaisuwa ba. Wani rashin zuwan ya fi zuwan nauyi.

In abin ya dame ni, zuwana na farko bayan na warke nake tunawa. Na sami Baba a bakin ƙofa yana shan hantsi. Na durƙusa na gaishe shi, ya dube ni sama da ƙasa ya ce na rame. Can ya ce, “Da kin zo ranar nan, da na karɓe ki. Ko da wace cuta kika zo, ba zan bari ki zauna nesa da ni ba.”

Na ce, “Na sani, Baba. Shi ya sa ban zo ba.”

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya matsa gefe a kan tabarmar, ya ce in taso daga ƙasa in zauna kusa da shi.