Ranar da Baba Ya Daina Duban Gabas

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Noma na sani: gero da damina, albasa da rani a fadama. A ƙauyenmu, nan gefen Wurno, ba a sa wa sassabe wuta sai mahaifina ya ce a sa. Ba sarauta gare shi ba. Haka dai munka tashi munka tarar.

Da bazara kowa kan share gonarsa, ya tara kututturan gero da ƙaya tsibi-tsibi, sai a jira bakin Baba. Wuta a lokacin nan ba abin wasa ba ce. Komai ya bushe ƙamas, ga rudun ajiyar albasa jere a bakin gonaki, wahalar rani duka an rufe ta da kara da ciyawa. Baba yakan jefa goro ɗaya aljihu da safe, babu ganye. In ya yamutse kafin azahar, sai ya ce iska na jin ƙishirwa, kada wanda ya ƙyasta ashana. Yakan watsa ƙaiƙayi sama ya ga inda ya nufa. In hadari ya taso gabas, gindinsa yake dubawa. In ja ne, holoƙo ne, iska zalla. In baƙi ne akwai ruwa, a sa wuta, ruwan zai kashe ta ya shigar da tokar ƙasa.

Shekarar da abin ya faru ina da iyalina. Wata rana bayan la'asar hadari ya haɗu, gindinsa baƙi ƙirin. Maƙwabcin gonarmu, wanda suke wasa da Baba tun suna samari, ya iso da ashana a hannu.

"Tsoho, mi kag gani? Ko idon ya mutu mu nemi wani?"

"Idon da yag ga ranar da matarka ta fari tak kore ka?" in ji Baba. "Tai ka sa wutarka, ruwa na bisa."

"In babu hwa?"

"In babu, zo ka aske min gemu."

Anka yi dariya, kowa ya nufi tsibinsa. Ni ma na sa wa namu.

Ruwa bai zo ba. Tsawa ta yi, walƙiya ta yi, yayyafin da ya sauko ko riga bai jiƙa ba. Sai iska. Ta zo daga gabas kamar yadda Baba ya ce, ta kuma juya kudu inda bai ce ba, ta kwashi wutar ta zuba kan rudu. Munka yi ta bugu da rassan dogonyaro, muna watsa ƙasa, a banza. Namu ya ƙone, na maƙwabcin ya ƙone, da na mutane da dama. Har anka kwana biyu garin warin gasasshiyar albasa yake.

Ba wanda ya zagi Baba. Da ma an zage shi, ina jin da ya fi sauƙi. Kowa ya zo sai ya ce ƙaddara ce, Malam, ya sunkuyar da kai. Da gari ya waye Baba ya ɗauki aska ya tafi ƙofar gidan maƙwabcin nan, ina biye. Ya miƙa masa.

"Subhanallahi! Malam, wasa ne hwa."

"Ni ban yi wasa ba."

Mutumin ya ƙi karɓa, har da hawaye. Baba ya mai da askarsa aljihu. Gemu ya tsira, amma daga ranar bai sake cewa uffan a kan sama ba. In hadari ya taso, ɗaki yake shiga.

Yanzu rediyo kan ce za a yi zafi da iska mai ƙarfi, a kiyayi wuta. Gaskiya suke faɗi, sai dai jiha duka suke wa magana, ba gonata ba. Kowa sa wutarsa yake ranar da ya ga dama.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, na ce, "Baba, ka faɗa min yadda ake dubawa, ko don jikokinka."

Ya ce, "Mi zan koya maka? Samaniyar da nis sani ba ita ce wagga ba."

Har yau da bazara nakan jefa goro aljihu da safe. Da azahar in ciro shi in yi ta juyawa. Ya yamutse kam. Ko ya kai yamutsewar da Baba ke nufi, babu wanda zan tambaya.