Ranar da Na Shanya Shinkafa Bisa Hanyar Kekuna

Shekarar da anka yi muna hanyar kekuna bakin gulbi, ni wurin shanya kawai idona ya gani. Siminti sumul, ba yashi, ba kashin awaki, rana na dukanshi tun hantsi. Duk manomin shinkafa nan Wurno ya san darajar wuri irin wanga.

Ruwan ƙarshen damina ya ritsa da shinkafata cikin fadama. Buhu shida, duk jiƙe, har ta fara ɗumi. In ta ƙara kwana haka tsiro za ta yi, ita ce kuwa abincin gidana har rani. Da sassafe na ɗoro ta bisa amalanke, na baza ta ta cika hanyar baki da baki, na zauna ina korar tsuntsaye.

Ba wanda ya gaya min ranar za a yi bikin buɗewa. Sai ganguna na ji. Ga samari daga Sakkwato cikin matsattsun wanduna, kowa ya kife wata roba bisa kai kamar ƙwarya. Ciyaman ɗin ƙaramar hukuma na gaba da babbar riga bisa sabon keke, mutum biyu na riƙe da shi kada shi faɗi.

Wani jami'i ya sheƙo da gudu.

"Baba, mi ne haka?"

"Shinkafa."

"Na ga shinkafa ce! Kwashe ta maza, hanyar kekuna ce!"

"Ba ta bushe ba. Ni ma keke gare ni, shekara ashirin ina turza shi cikin yashi, ban mutu ba."

Yana cikin kumfar baki ciyaman ya sauka, kuma wallahi na ga ya ji daɗin saukar. Ya duƙa, ya ɗauki ƙwara guda ya ciza.

"Da saura," in ji shi. "Malam, ai ka baza ta da kauri."

"Ranka shi daɗe, hanyar ce kunka yi ƙarama."

Ya yi dariya, ya tuɓe takalmi, ya shiga yana jan ƙafa cikinta layi-layi, yadda ake juya shanya. Ɗan manomi ne, ƙafarshi ba ta manta ba. Makaɗa sun rasa abin yi, sai sunka ci gaba da kiɗa.

Da ya gama ya ce kowa shi saɓa kekenshi. Haka samarin nan sunka ratse cikin yashi da kekuna bisa kafaɗa, suna harara ta. Ni kuwa na koma ga korar tsuntsayena.

Bayan la'asar na ciza ƙwara, ta ce ƙas. Na kwashe abata, ko mudu bai lalace ba.