Katin Yayana a Cikin Jakata

Ko zan manta komai, ba zan manta ranar da wata ma'aikaciyar jinya ta hana ni maganin yayana ba. Har yau in na tuna irin kallon da na watsa mata sai kunya ta rufe ni.

Yayana tela ne a unguwar Malam Inna, cikin Gombe. Shekarun baya ya samu taɓin hankali, muka kai shi asibiti, aka ɗora shi a kan magani, aka ce ya riƙa zuwa duk wata. Sau biyu kacal ya je. A na biyun muka yi kiciɓis da wata maƙwabciyarmu a bakin sashen masu taɓin hankali, ta yi mana wata doguwar gaisuwa tana leƙen fuskarsa. Ni kuwa Allah ya yi ni da zargi. Na ce ba da ni za a mayar da yayana abin hira a unguwa ba. Na jefa katinsa a jakata, na koma zuwa ni kaɗai.

Abin ba wuya. Layi har waje, likita ɗaya tal, ko ɗago kai ba ya samun yi. Zai ce, "Yaya mai jiki?" in ce, "Da sauƙi." To me zan ce? A ina aka taɓa tambayarmu jiki muka ce babu sauƙi? Sai ya maimaita rubutun wancan watan, in kama hanya.

A gida kuwa Yaya ya daina surutan da yake yi shi kaɗai, amma hannunsa ya soma rawa, wuyansa ya sandare, yawu na zuba. Zura zare a allura ya gagare shi. Masu kawo ɗinki suka janye, har ya fara zancen sayar da keken da yake ci da iyalinsa da shi. Babu wanda ban zarga ba. Mai kemis na ce jabu yake ba ni, telan da ke kusa da shagonsa na ce hannu ya sa masa.

A wata na tara na tarar da sabuwar ma'aikaciya tana karɓar kati. Ta buɗe fayil, ta dube ni.

"Anti, ina mai katin?"

"Yana gida. Da sauƙi."

"Wata takwas ba wanda ya gan shi. Ba za a rubuta ba sai ya zo."

Na ce a raina ruwa ba ya tsami banza. Ko na goro take nema, ko kwantar da shi suke so ɗalibai su koyi aiki a kansa. Na fita ina ƙunƙuni. Sai dai ƙwaya uku ta rage, dole washegari na ɗauko shi. Muna shiga ta ce in jira a waje. Nan zargina ya ninku, na kafa kunne a jikin ƙofa.

Na ji ta ce, "Malam, miƙo hannunka. Tun yaushe yake haka?"

"Tun kafin azumi."

"Ka faɗa wa wani?"

A hankali ya ce, "Ba wanda ya tambaye ni."

Na koma na zauna a benci. Da aka kira ni, likita ya ce maganin ne ya yi masa yawa, da ya gan shi tun farko da tuni ya rage. Bai yi mini faɗa ba, ni kuwa da ma ya yi. Na gama zargin Gombe kaf, ashe mai laifin ce ke yawo da kati a jaka.

Aka gyara maganin. Bayan wata biyu Yaya ya zura zare da kansa, keken ma bai sayar ba, ko da yake wasu masu kawo ɗinkin har yau ba su dawo ba.

Abin da na koya shi ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma likita ba ya duba kati ya ga rawar hannu. Yanzu tare muke zuwa, duk mai son kallo ya kalla. In an ce, "Yaya jiki?" sai in kama bakina, Yaya ke amsawa.