Shekarar da Kaka Ta Shuka Kuskus

Jiya na shiga wani babban kanti a Sabon Tasha zan sayi sabulu, sai hannuna ya kai kan wani kwali, na ɗaga na girgiza shi ba tare da wani dalili ba. Ƙarar da ya yi, kamar yashi a cikin ƙwarya, ita ta tsayar da ni. Kuskus ne. Na daɗe a tsaye da kwalin a kunnena har yarinyar kantin ta tambaye ni ko lafiya. Na ce mata lafiya lau. Ta ina zan fara gaya mata cewa na taɓa ganin an shuka wannan abin a ƙasa, an yi masa addu'a, an zauna ana jiran ya tsiro?

A Kafanchan na girma, zamanin da jirgin ƙasa yake da rai. Gidanmu na bayan barikin reluwe, dab da layin dogo, in jirgin kaya zai wuce kwanukan Mama sai su kama rawa. Baba leburan gyaran layi ne. Kaka, mahaifiyar Mama, ta baro ƙauyenmu na wajen Fadan Kaje bayan rasuwar mijinta ta dawo wurinmu, da fartanyarta da laujenta da ƙulle-ƙullen iri a tsumma. Kafin damina ta zagayo ta mai da filin bayan gida gona: citta a gefe ɗaya, acca a wancan. Dokokinta biyu ne, kuma ba a taɓa su. Na farko, duk wata ƙwaya baƙuwa da ta shigo gida, ƙasa ce za ta fara ɗanɗana ta kafin baki. Na biyu, kwanon farko na sabuwar acca na hannun da ya yafa iri ne. Tun da ita ke yafawa, kowace shekara ita take cinye kwanon nan a gabana, tana lumshe ido, ni kuwa ina haɗiyar yawu. Ko loma ɗaya ba ta taɓa miƙo mini ba.

Garin mahaɗar jirage ne, don haka kowane abinci yana da ranar saukarsa. Jirgin Arewa ya kawo kilishi da dabino, na Ikko ya kawo burodi mai laushi, na Fatakwal ya kawo manja da busasshen kifi mai taurin itace. Maƙwabciyarmu 'yar ƙabilar Ibo ce, mai sayar da kayan miya a kasuwa, mijinta yana duba tikiti a jirgin Fatakwal. Madam muke ce mata. Kwanonta kan tsallako katanga da miyar ogbono mai yauƙi, ya koma da paten acca mai yakuwa da gauta. Ita da Kaka kullum cikin tsokanar juna suke. Kaka ta ce Madam ba ta san kan fartanya da gindinta ba, Madam ta ce Kaka za ta iya shuka maɓallin riga ta zauna jiran ya haifi riga.

Amma abincin duniya na gaske, Kawu ne ya shigo mana da shi. Shi ne autan Kaka. Ya bi jirgi zuwa Fatakwal neman aiki, daga can ya samu shiga jirgin ruwa a ɗakin girki, shi ke nan teku ta tafi da shi. Shekaru suna wucewa, ba ya zuwa. Sai dai duk lokacin da jirginsu ya tsaya a Fatakwal, yakan nemi mijin Madam a tasha ya ba shi kwali ya kawo mana.

Ranar kwali, Kaka takan shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro da yamma, lokacin da hadari ke taruwa a kan duwatsun Kagoro. Haƙoranta sun yi saura kaɗan, don haka ni ce mai tauna. Hausarta ba ta san mace da namiji ba, kowa "kai" ne a wurinta.

"Kai, yarinya, ka rufe ido ka ci. Ka gaya mini abin da ka gani."

Haka muka zaga duniya ba mu bar gindin mangwaro ba. Na ci wani ganye baƙi siriri kamar takarda mai gishirin teku, na ce mata na ga mutane suna noma a ƙarƙashin ruwa, kifaye suna bin kunya suna tsintar ciyawa. Na ci cuku mai wari, na ga ƙasar da sanyi ya hana mutane wanka. Na ci cakulan mai ɗaci, da busasshen inabi, da taliya mai siffar dodon koɗi, da wani garin yaji rawaya daga Indiya wanda ƙamshinsa ya kwana a ɗakinmu har mako ya zagayo. Ranar da zaitun ya zo a kwalba, Kaka ta wanke hannu ta ɗaura ɗankwalin coci kafin ta taɓa shi, domin sunansa ta sani a Littafi Mai Tsarki. Ta sa ɗaya a baki, fuskarta ta yamutse, ta daure ta haɗiye. Can ta ce, "Ashe Yesu ya yi haƙuri da yawa." Ƙwallayen zaitun ɗin ta binne su a bakin gona, kamar yadda ta binne 'ya'yan inabi da na ɓaure. Babu wanda ya fito, sai wani ganye mai ƙamshi da ba mu san sunansa ba, muka riƙa sa shi a miya.

Ni wasa na ɗauki abin. Sai daga baya na gane Kaka ba daɗi take nema ba. Bakin ɗanta take bi. In ta yi addu'ar cin abinci takan ƙara da, "Ubangiji, ka albarkaci wanda yaro na yake ci a can," sannan ta kira sunan abin da muka ɗanɗana na ƙarshe, yadda harshenta ya iya.

Wata shekara, ana gab da saukar ruwan farko, kwali ya zo da jakar leda cike da ƙwaya mai ruwan zinariya. Kaka ta zuba a tafinta ta kai wajen haske. Kamar acca, amma ta fi acca girma da kyau, babu yashi, babu dusa. Mijin Madam yana tsaye a ƙofa yana ba da saƙo, ya ce sunan abin kuskus, abincin Larabawan bakin teku ne, kuma Kawu ya ce a gaya mata shi yake ci kullum yanzu, safe da yamma.

Wannan maganar ce ta soki Kaka. Da mijin Madam ya fita, ta ce wa Mama da yarenmu, bakin yaron ya canza. Mutum inda abincinsa yake can yake komawa, in ba a sami wannan a gida ba, to ba zai dawo ba har ta mutu. Ta ɗaure bakin ledar ta ce ba mai dafa ko ƙwaya ɗaya, duka iri ne.

Madam ta leƙo ta katanga ta dubi Kaka. "Mama, wannan ba iri ba ne o. Da garin alkama ake yi. Ruwan zafi kawai za ka zuba, ka rufe."

"Kai da ba ka taɓa noma ba," in ji Kaka, "kai za ka koya mini iri?"

Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi wannan ƙamshin da har yau yake sa ni jin yunwa. Kaka ta gyara wuri mafi kyau a gonar, inda take zuba toka da kashin awaki. Ta yafa kuskus da hannunta mai lanƙwasa, a hankali, daidai wa daida, yadda ta yafa acca tun tana budurwa, ta bi da reshe ta rufe. Washegari na je dubawa. Ƙwayoyin sun kumbura sun yi fari, tururuwa sun yi layi suna kwasa, kajin bariki sun zo biki. Ban gaya mata ba, ita ma tana da ido.

Duk da haka kowace safiya sai ta ɗauki kujerarta 'yar tsugunne ta zauna a bakin wurin. Accar da ta shuka a wancan gefen ta fito kore shar, nan kuwa ƙasa ce ja. Ta rage cin abinci. Kwanon Madam ya tsallako ya koma ba a taɓa ba. In jirgin Fatakwal ya yi kuka daga nesa ba ta ƙara ɗaga kai. Na ji tsoro ƙwarai a lokacin, domin na ga yadda zanenta yake ƙara zagaye ƙugunta.

Sai wata safiya, bayan ruwa ya kwana yana zuba, kore ya leƙo. Amma wani irin fitowa ya yi da ban taɓa gani a gonar kowa ba. Nan curi guda a cunkushe, can fili fetal, can kuma wani curin a kan hanyar da muke bi zuwa rijiya. Kaka ta durƙusa ta daɗe tana kallo. Ta taɓa ganyen da ɗan yatsa, ta ce, "Abin Larabawa, a dunƙule yake fitowa." A ranar ta ci tuwo har ta nemi ƙari.

Damina ta yi nisa, hazo yana kwana a kan duwatsu, ciyawar ta fitar da kai ta rusuna. Kaka ta yanke da laujenta, muka tattake a kan tabarma, Mama ta surfa ta rege. Abin da ya fito ƙanana ne, fari-fari, ba zinariya ba. Kaka ta murza a tafinta ta sansana, ta ɗaga ido ta dubi katanga. Ta ce ƙasarmu ce ta mai da shi ɗan gida. Ta turara shi da kanta, ta zuba man gyaɗa da albasa, ta cika kwanon farko. Na zauna ina jiran kallon da na saba. Sai ta rufe kwanon ta miƙo mini.

"Ka kai wa Madam."

Na kai, ina jin haushi a raina, domin in dai kwanon zai bar hannun Kaka, ai ni na fi kusa. Madam ta buɗe ta duba, ta rufe, ta juya mini baya tana gyara itacen murhu da bai buƙaci gyara ba. Sauran kuma Kaka ta ƙulla a ƙyalle ta ba mijin Madam, ta ce in ya ga yaron ya gaya masa abincinsa yana fitowa a gida yanzu.

Ana saura kwanaki Kirsimeti, lokacin da citta ke shanye a kan duwatsu gari duk yana yaji-yaji, Kawu ya sauko daga jirgin Fatakwal. Na zaci zan ga ƙato mai tumbi, wanda ya ci duniya. Siririn mutum na gani, da furfura a gemu. Kaka ba ta yi kuka ba, ta zaunar da shi a gindin mangwaro ta ajiye masa kwano ta ce, "Ga abincin ka na can." Ya ci loma ɗaya, ya tsaya. Ya ƙara ɗaya, hawaye suka zubo cikin kwanon.

"Mama," ya ce, "ba don daɗi nake cin wancan ba. Na zaga ko'ina, shi kaɗai na samu mai kama da acca."

Bai koma teku ba. Shi ya riƙe mata fartanya a daminonin da suka rage mata.

Sai da na girma, jirage suka daina zuwa, su Madam suna ɗaure kaya za su koma garinsu, Mama ta gaya mini sauran labarin. Madam ce ta zo ta roƙi irin acca a hannunta. Su cocinsu da sassafe suke tashi, mu kuwa sai rana ta take, don haka wata Lahadi muna sujada ta tsallako ta watsa shi. Ba ta taɓa shuka komai ba a rayuwarta, shi ya sa ta zubar da shi dunƙule-dunƙule kamar mai ba kaji tsaba. Ina jin haka kwanon nan ya faɗo mini a rai. Matar da ta yi noman acca tun kafin a haifi uwata ba za ta kasa gane ganyenta ba. Ba ta taɓa cewa komai ba, dokarta kawai ta bi.

Yanzu abincin duniya ba ya jiran jirgi. 'Ya'yana su latsa waya, ɗan acaɓa ya kawo musu shawarma ko taliyar 'yan Sin har ƙofa, su ci ido buɗe suna kallon talabijin. Ni ma aiki ya kai ni ƙasashe, na ci abin da ban iya kiran sunansa ba, amma ban ƙara ganin masu noma a ƙarƙashin ruwa ba. Ciyawa ta rufe layin dogo, an sare mangwaron, ban san ko Madam tana raye ba, kuma ina kewarsu duka.

Na sayi kwalin jiya, na manta da sabulun. Da yamma na zuba masa ruwan zafi na rufe, yadda Madam ta faɗa tun farko. Kafin in zuba, na ɗebi kaɗan a tafina na fita bayan gida na yafa a gindin katanga. Ƙaramar 'yata tana kallona ta taga, ta ce, "Mama, ai wannan ba ya tsirowa." Na ce mata na sani, amma na taɓa ganin ya dawo da mutum gida.