Hula Tsakanin Wuƙaƙe Biyu

A kasuwar Bunkure, gefen masu tumatir, wani dogon baƙo na zaune, yatsunsa biyu a guntule. Yana goge wani tsohon sulen azurfa da bakin rawaninsa, a hankali, kamar mai wankan gawa.

"Na Rumawan da ne, malam," in ji shi, da ya ga na tsaya ina kallo. "Ga hula a jikinsa, ga wuƙaƙe biyu. Waɗanda suka kashe shugabansu ne suka buga shi, don alfahari."

Ina jin ya taɓa ganin irin wannan ranar kisa da idonsa.

Aminina Surajo, Allah ya jiƙansa, kan hular jam'iyya aka sare shi a bakin kanal ɗin ruwan noman rani, makon zaɓe. Hular tasa ce yau a kaina. Baƙon ya daina gogewa, yana kallonta.

"Malam, kai kaɗai za ka koma gida?"