Kan Baba a Karkace

Yayana mutum ne da in ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya fara yi maka bayanin yadda agogo ke aiki. Haka Allah ya yi shi, haka kuma muka haƙura da shi. Ya daɗe yana koyar da fiziks a makarantar sakandare, ɗalibai suka laƙaba masa Malam Ma'auni, don ko ɗan layi zai ja a allo sai ya nemo rula. Da ya yi ritaya, maimakon ya zauna ya huta kamar kowa, sai ya kama wani ɗan shago jikin nawa na ɗinki, ya kafa katakon zane, ya ce shi yanzu mai zanen fuska ne.

Hannunsa na da kyau, wannan ba zan hana shi ba. Matsalar bakinsa ce. Mutum ya zo a zana shi ya je ya rataya a falo, sai Yaya ya zaunar da shi gefen taga, ya rufe ƙofa don haske ya shigo ta hanya ɗaya. Ya ɗauko wani zare mai ɗan ƙarfe a ƙasa, irin wanda magina ke duba miƙewar bango da shi, ya sake shi a gaban hancin bawan Allah, ya kanne ido yana aunawa. Daga nan sai karatu. Wai fuska ba komai ba ce sai haske da inuwa. Wai baƙin ciki nauyi ne, yana jan gefen baki ƙasa kamar jiƙaƙƙen wanki a igiya, murna kuwa daga ciki take turo kumatu. Wata mai kantin takalma ta zo da kwalliyarta tsaf, ya dube ta ya ce ƙasan idonta ya nuna akwai abin da ya daɗe yana cin ta. Matar ta suri jakarta ta fice. Har yau ba ta amsa gaisuwata, alhali ni ban ce mata uffan ba.

Amma abin da ya haɗa ni da shi sosai, wanda in na tuna har yanzu raina ke ɓaci, zanen Baba ne.

Baba ya rasu ina ƙarama, Yaya kuma yana makarantar kwana. Gyaran rediyo yake yi, kunnensa na hagu kuma ya mutu tun yana saurayi. Hotonsa ɗaya ne a gidan, ɗan mitsitsi kamar na katin shaida, shi ma ruwan da ya yoyo ta rufi wata shekara ya cinye rabinsa. Goshi da ido ɗaya suka rage, sauran duk tabo. Inna ta ajiye abinta a haka cikin akwati. Kwatsam sai likita ya ce tana da hawan jinin ido, kuma an makara. Ganin zai riƙa tafiya daga gefe-gefe har ya ƙare, magani jinkirta shi kawai zai yi. A hanyarmu ta dawowa ba ta yi kuka ba, ba ta ma yi zancen kanta ba. Cewa ta yi tana so ta ga fuskar mahaifinmu cikakkiya kafin idon ya rufe.

Na je na sami Yaya na faɗa masa, na ƙara da cewa abin na gaggawa ne. Ya ce ba komai, ya karɓi hoton da hannu biyu. Ni kuma na koma kan kekena ina murna, ban san na jawo wa kaina aiki ba.

Da farko ya aika aka ɗauko Baffa, ƙanin Baba, wai hancinsu da haɓarsu iri ɗaya ne. Tsoho ya wuni a kan benci da zare na lilo a gaban fuskarsa, har ya rantse ba zai sake zuwa ba. Sai aka dawo kaina, wai ni na gaji bakin Baba. Ɗinkin mutane jibge yana jira, ni ina zaune kamar gunki, an hana ni ko haɗiyar yawu. Bayan wannan ya shiga bin tsofaffin unguwa yana tambaya ina tagar shagon Baba take kallo, gabas ko yamma, don ya san ta inda haske ke sauka a fuskarsa. In ya zana ya kusa gamawa, sai ya ja baya ya ƙura ido, ya ce inuwar ƙasan hanci ta yi ƙarya, ya yage takardar.

Wata rana na ɗauki ɗan hoton na ce masa kan Baba kamar a karkace yake. Ya yi min irin dariyar da yake yi wa daƙiƙan ajinsa. Ya ce mai hoto ne ya riƙe kyamara a gicciye. Kai abu ne mai nauyi, in ji shi, dole ya zauna daidai a kan wuya, in ba haka ba jijiya ba za ta ɗauka ba. Ya saki zarensa a kan takarda, ya miƙar da kan Baba tsaf.

A gida kuwa abu sai gaba yake yi. Inna ta fara bugun ƙyauren ɗaki da kafaɗa. Ta zo zuba shayi ta zuba a gefen kofi. In ka yi magana daga gefenta sai ta juyo da kanta gaba ɗaya tana neman ka. Ba ta taɓa tambayar zanen da baki ba, sai dai duk sanda ta ji sallamar Yaya, hannunsa take fara dubawa. Ranar da na ga haka na kasa daurewa. Na same shi a shago na wanke shi tas, na ce yana can yana auna inuwa uwarsa na makancewa, in gasar zane ya shiga ya faɗa mana. Bai ɗago ba. Ya ce in zai ba ta Baba, to sai ya ba ta shi daidai, don sau ɗaya za ta gani. Ya ci gaba da zanensa. Tausayinsa ya kama ni, amma wallahi haushi ya fi yawa.

Da ƙyar da jiɓin goshi aka gama. Zane kam ya yi, Baffa na gani ya fashe da kuka. Muka kai wa Inna da hantsi, muka zaunar da ita inda haske yake. Lokacin ɗan tsakiyar idon ne kawai ya rage mata, kamar mai leƙe ta ramin makulli. Ta riƙe takardar tana bin ta kaɗan-kaɗan, daga goshi zuwa ido, daga ido zuwa baki. Ta daɗe. Sannan ta miƙa masa.

"Allah ya yi maka albarka. Wannan mutumin kirki ne, amma ba shi ba ne."

Yaya ya durƙusa ya fara lissafi, hancin na Baffa ne, bakin nawa ne, hasken ma ya tabbatar ta gabas yake shigowa. Ta bar shi ya gama, sannan ta tambaye shi me ya sa ya ƙame mata shi kamar soja. Ya soma zancen mai hoto da kyamara, ta girgiza kai.

"Mai hoto bai yi laifi ba. Ranar ina tsaye a damansa, ina ce masa ya gyara wuyan riga. Ku ihu kuke yi, ba ya buƙatar ya karkato ya ji ku. Ni ce ba na ɗaga murya. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin kansa a miƙe ba."

Yaya ya miƙe. Ya naɗe takardarsa ya fita.

Na ɗauka gobe ko jibi zai dawo, tun da karkatar da kai ne kawai. Ina! Wai in kai ya karkata komai ya canza, kumatu ɗaya ya sauka, jijiyar wuya ta miƙe, haske ya koma wani wuri. Na yi faɗa, na yi roƙo, na haɗa shi da Baffa, har na daina yi masa magana. Ta bangon da ya raba shagunanmu ina jin ƙarar yaga takarda, kowace yaga kamar a ƙirjina. Sai daga baya mai shara ya nuna min zaren nan mai ƙarfe a cikin kwandon shara.

Ranar da ya kawo na biyun, Inna ba ta bambance komai sai haske da duhu. Shi ma ya sani. Ya yi shi a ƙatuwar farar takarda, ya danna gawayi baƙi ƙirin, ya manna a bangon da ranar safe ke duka. Idanun nan da ya ɓata watanni a kansu, da ɗan murmushin da ya ce ya auna shi daidai, duk ba ta ga ko ɗaya ba, kuma ba za ta gani ba. Wannan kam ban yafe masa ba tukuna.

Muka tsayar da ita a gaban bangon. Ta yi ta juya fuska tana neman inda hasken yake, har ta tsaya a kan baƙin nan da ya rinjaya gefe guda. Ba ta ce shi ne ba, ba ta ce ba shi ba ne. Lalube ta yi ta kamo kujerarta, ta ja ta zuwa gefen da kan ya karkato, ta zauna dab da bango. Yaya ya buɗe baki zai fara bayanin inuwa, na take masa ƙafa.

Sai muka ga leɓenta na motsi. Muna tsaye a bakin ƙofa, ni da shi, kowa da lafiyayyun kunnuwansa, amma ba wanda ya ji abin da ta ce.