Majinyacin Waliyyu

Duk wanda ya taɓa sayen gabu a Jiga Birni ya san Murjanatu, in bai san sunanta ba to ya san dakanta. Da hannu ɗaya take kirɓa ganyen albasa, ta dunƙula, ta shanya, 'yan sari su zo daga Jega su kwashe. Hannunta na hagu kuwa a lanƙwashe yake kamar lauje. Tana ƙarama ta faɗo daga kan jaki, aka yi mata ɗori, ta ƙi zama wuri ɗaya, ƙashin ya kama a karkace. Da shi ta girma, da shi aka kai ta ɗakin miji, kuma har yau ba ta ɗora tulu a kai sai an taya ta. Amma kada ka kuskura ka ce mata sannu a kan hannun nan, wallahi sai ka ji baƙar magana.

'Ya'yanta huɗu. Uku masu sanyi ne kamar ubansu Muntari. Sai autan, Waliyyu, wanda ya kwaso halin uwar kaf bai rage ba. Yaron nan bai iya tafiya ba, sai gudu. Katanga, amalanke, kan rumbu, babu inda ba a sauko da shi ba. Lokacin cirar albasa, an jibge buhuna a ƙofar gida ana jiran mota, ya haye har can ƙoli wai shi direba ne. Buhu ya zame. Hannun dama ya karye ƙasa da gwiwa.

Muntari ya kwashe su a babur sai Aliero, gidan Malam Maiwada mai ɗori. Tsohon ya ja, ya daidaita, ya jera karare ya naɗe da tsumma, ya ce a hana yaro motsa hannun.

A hana wa? Waliyyu? Tab! Zafi na lafawa ya zare kara ɗaya daga ɗorin yana korar kaji da shi. Aka koma aka gyara. Ba a jima ba ya bi yara tsallaken kwalbati, ya faɗi a kan hannun. A zuwa na uku ran tsohon ya ɓaci. Ya dubi hannun Murjanatu bai kau da ido ba, ya ce, “Ɗiyata, ba ni ɓoye miki. Ƙashin yaro da wuri shika kamawa. In yas sake gocewa, haka nan za shi zauna, kuma kin hi ni sanin abin da nika nuhi.”

Ta sani mana. Har suka iso gida hawaye take sharewa da gefen mayafi, ita da ba a saba ganin kukanta ba. Tsoro ne ya kama ta, tsoron ɗanta ya tashi bai iya riƙe hauya ba, a garin da kowa hauya ce abincinsa.

Babu abin da ba ta gwada ba. Ta yi lallashi da alawa, ya shanye ya fice. Muntari ya ba shi waya, ya kalla ya gaji ya jefar. Ta goya shi, ƙaton yaro ƙafafu har gwiwarta, maƙwabta na leƙowa suna cewa barka da sabon jariri. Rannan haushi ya sa ta ɗaure masa ƙafa da zane a jikin turmi. Tana juyowa ta gan shi yana jan turmin zuwa zaure. Ta rasa kuka za ta yi ko dariya.

Ana cikin haka wata safiya saniya ta take ƙafar ɗan akuyarsu, ɗan baƙi mai farin goshi. Muntari ya ɗauko wuƙa yana wasawa, ya ce gara a yanka kada ya mutu a banza. Murjanatu ta fito za ta shanya gabu, sai ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Waliyyu ne tsugune gaban ɗan akuyar, shiru, yana shafa masa kunne, ko ƙuda bai kora ba. Ta daɗe tsaye tana kallo.

“Malam, aje wuƙag ga,” in ji ta. “Tada babur.”

A kwando ta kai ɗan akuyar gidan ɗori, tare da Waliyyu. Masu karaya da ke kwance a rumfa suka manta da ciwonsu suka fashe da dariya. Malam Maiwada ya ce, “Ni za ki kawo ma akuya?” Ta durƙusa ta faɗa masa abin da ke ranta ƙasa-ƙasa. Tsohon ya shafa gemu, ya ɗauko karare, ya yi wa ɗan akuya ɗori tsaf kamar na mutum. Sannan ya kira yaron.

“Zo nan, abokina. Ga majinyaci na ba ka. In yat tashi yay yi tsalle, ƙahwa ta lalace. Ka aza shi bisa cinya, ka dahe shi da hagu. Wanga hannu mai ɗori kuma ka kwantar mishi a baya don shi ji ɗumi, kada ka ɗaga.”

Shi ke nan fa, Waliyyu ya samu aiki. Daga karin kumallo sai gindin dogon yaro, majinyaci a cinya, yana ba shi harawa da ɗaiɗai. Yara su zo kiransa ya ce ba ya da lokaci. Ba wai kullum lafiya ba, don ranar da majinyacin ya tsula masa fitsari sai da ya yi yaji na rabin yini. Amma ya dawo.

Wata rana tana daka ta ji shi yana yi wa ɗan akuyar faɗa. “Kai ba ka jin magana? So kaka yi ƙahwarka ta koma kamar hannun Inna?”

Taɓarya ta tsaya a sama. Maganar ta soke ta ƙwarai, da wani ne ya faɗa da ya gane kurensa. Ta haɗiye, ta ce, “Gaya mishi dai, ɗan albarka. Gaya mishi da kyau.”

Ɗan akuya ya riga yaron warkewa nesa ba kusa ba. Murjanatu ta gani sarai, ta yi gum, kullum sai ta faki ido ta ƙara ɗaure kararen.

Ranar kwance ɗori Waliyyu ya kafe sai an fara da majinyacinsa. Aka kwance, ɗan akuya ya ɗingisa sau ɗaya ya daka tsalle cikin rumfa. Sannan aka kwance nasa. Hannu ya rame ya yi fari, amma a miƙe yake sambal. Malam Maiwada ya lalluba, ya juya, ya ce alhamdulillahi. Murjanatu ta kama hannun tana shafawa.

Da damina ta faɗi, tana daka a tsakar gida ta ji ana kiran Inna daga sama. Ga Waliyyu can yana lilo da hannu biyu a reshen dogon yaro. Muntari ya taso da salati zai ɗauko bulala.

“Bar shi, Malam,” in ji ta. “Dubi da hannu nawa ya riƙe!”

Ta yar da taɓarya, ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka fito suna tambayar wa ya haihu. Sannan ta matsa ƙarƙashin reshen, ta buɗe hannunta ɗaya mai lafiya, ta tsaya tana jiransa.